Ƙudan da ya ciji Kawu a Udubo

Mun tashi da asuba daga Azare, ni da wani abokina malamin dabbobi, a kan babur ɗinsa mai tari kamar tsoho. Rugar kawuna muka nufa, can gefen Udubo. Biyu daga cikin shanunsa sun rame, ƙudaje na cizonsu har jini, maƙwabta kuma suka ce tsando ne, mai sa wa shanu cutar sammore. Kawu ya ce ranar kasuwar Gamawa zai sayar da garken kafin ya mace a hannunsa. Shanun nan tun na kakanmu ne, shi ya sa hankalina ya tashi.

Damina ta ci hanya, amma gero ya yi kyau dama da hagu. A wani ƙauye muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa yana nan daram.

Muna isa Kawu ya fito da shaidarsa: kwalin ashana cike da ƙudaje, kowanne ya sha mari ya baje. Abokina ya girgiza kai.

"Baba, wannan ai dakakken yaji ne. Sai na ga mai rai a zaune. Tsando yana ɗora fikafikansa ɗaya kan ɗaya, kamar almakashi a rufe. Akwai wani mai cizo, shi ma da tsinin baki, amma nasa a buɗe suke."

Muka tsuguna gefen saniya. To, makiyayi ba ya ganin ƙuda a jikin dabbarsa ya ƙyale. Sau uku ƙuda na sauka, sau uku Kawu na kai mari kafin a duba. Can ɗaya ya sauka a ƙwaurinsa, ni kuwa na damƙe masa hannaye biyu. Ya cije leɓe, abokina ya sunkuya ya ƙura ido.

"A buɗe suke, Baba. Ba tsando ba ne."

Ya duba wasu da dama, duk haka suke. Ramar kuwa tsutsar ciki yake zargi. Ya ba da magani, ya ce a kwashe jiƙaƙƙen kashi da ruɓaɓɓiyar ciyawa, nan ƙudajen ke haihuwa.  Kawu ya shiga cikin shanun yana kiran kowace da sunanta, ni kuwa sai da na share ido.

Kafin magariba muka dawo Azare da galan guda na nono, zuciyata wasai. Na koyi a duba kafin a mara. Saura kaɗan garken kakanmu ya tafi kasuwa, don kawai babu wanda ya bar ƙuda ɗaya ya zauna.