Abujar da Kakata Take Nufi

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba na jin zan manta da ranar da na ɗauki kakata zan kai ta Abuja.

A Fagge muka tashi a hannunta, bayan rasuwar mahaifinmu. Duk unguwa 'Yar Abuja ake ce mata, mu kuwa mun ɗauka tsokana ce, don tsohuwa ce mai son ado da turare. A Kantin Kwari, inda nake sayar da atamfa, haka muke amfani da sunan. Zani mai tsada, sai mu ce na 'yan Abuja ne. In gwamnati ta hana shigo da kaya, sai ka ji an ce Abuja ta hana. Ban taɓa tambayar ta asalin laƙabin ba.

Da jikinta ya fara rauni, wata safiya ta kira ni ɗakinta. "Maigida," ta ce, don haka take tsokanata, "ka kai ni Abuja kafin ƙafafun nan su ƙi ni." Na yi dariya na ce, "Inna, ko Shugaban Ƙasa za ki gaisar?" Ba ta yi dariya ba. Ta sa na kai ta kasuwar Sabon Gari, ta zaɓi sabulu da turare da hula guda ta maza. Na yi mamakin hular.

Mun wuce Kaduna tana gyangyaɗi, ni ina ta lissafin manyan gine-ginen da zan nuna mata. Can da Dutsen Zuma ya bayyana a gabanmu, sai ta miƙe zaune ta dafa kafaɗata.

"Tsaya. Mun zo."

"Da saura, Inna. Abuja tana gaba."

"Wace Abujar? Ni tamu nake nufi. Ga dutsenmu nan."

A bakin titin nan ta ba ni labari. Garin da muke kira Suleja, shi ne Abuja a lokacin da aka haife ta. Tana ƙarama gwaggonta ta ɗauko ta riƙo zuwa Kano, zumunci ya yi ta nisa har ya yanke. Daga baya aka ba sabon babban birni sunan, garin ya koma Suleja. Ita dai bakinta bai taɓa sabawa da sabon sunan ba. Hular kuwa ta ƙaninta ce, wanda ta bari yana rarrafe.

Muka juya muka shiga gari muna tambaya, tana faɗin sunan mahaifinta da sana'arsa ta jimar fata. Wani dattijo a ƙofar masallaci ya gane gidan, ya raka mu. Ƙanin nata ya rasu da daɗewa. Amma wata mata ta fito tana goge hannu a zani, da ta ji ko wace ce, sai ta durƙusa ta fashe da kuka. "Gwaggo, sunanki aka sa mini. Baba bai daina maganarki ba har ya koma ga Allah." Kakata ta riƙe fuskarta ta daɗe tana kallo, ta ce, "Idanunsa ne."

Kwana muka yi a gidan, babban birnin kuwa ko ƙofarsa ba mu leƙa ba. Kakata ba ta ga wata daminar ba. Ranar jana'izarta mota cike ta zo Fagge daga Suleja, dangin da ban san ina da su ba.

Abin da na koya shi ne, kalma ɗaya na iya zama gwamnati a bakin wani, ta zama gida a bakin wani. Tun daga ranar, in tsoho ya yi magana ba na saurin cewa na gane. Zama nake yi in tambaye shi, tun yana raye.