Sadiya Mai Kiwon Injunan Iska

Halimatu Sadiya ta shigo gidanmu na Sabon Garin Gusau ne tana amarya. Mijinta Kamilu, mutumin Tsafe, direban motar haya ne, kuma shi ya kama ciki da falon da ke bayan gidan. Ni sunana Lidiya, amma Maman Gloria kowa ke kirana. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, maigidana ya rasu, yara sun watse, saboda haka ina da lokacin lura da abin da ke shiga da fita.

Ranar da aka kawo kayan ɗakinta na ga abin da ban saba gani a kayan amarya ba. Bayan gado da kujeru da kwanuka, sai aka sauke faranti biyu na sola da wani ƙaton batir. Amarya da kanta ta fito, lalle bai gama bushewa a hannunta ba, tana nuna wa masu ɗaurawa inda rana ta fi daɗewa a kan kwanon rufi.

'Yar Rawayya ce, ta ƙasar Bunguɗu. Mahaifinta, Malam Arzika, yana noman gero da dawa, yana da 'yan shanu. Mahaifiyarta, Inna Rabi, ta taɓa gaya mini cewa ba ta haifi yaro mai tambaya irin Sadiya ba. In sun fita shiƙa, sauran yara na riƙe da ƙwarya, ita tana tsaye tana bin ƙaiƙayi da ido, tana son a gaya mata inda iska ke kwana da kuma wanda ke tashinta da hantsi. Ta yi sakandare a Bunguɗu, ta zo Gusau ta yi difloma a kan kwamfuta, sannan ta zauna a wani shagon buga takardu kusa da kasuwa. A nan ta ga tallar wani horo da ake yi ta intanet. Ta shiga, ta ci jarrabawa, wani kamfani ya ɗauke ta aikin da za ta riƙa yi daga gida.

Na ɗan daure kafin na tambaya. Kullum da safe in Kamilu ya fita, sai ta zauna gaban kwamfuta, shiru har azahar. Wata rana na kai mata ganyen zogale, na ce, "Sadiya, wai me kike kallo a cikin abin nan?"

"Zo ki zauna, Maman Gloria," in ji ta. Ta jawo mini kujera.

Taswira ce a jikin gilashin, da ɗige-ɗige koraye birjik, ɗaya ko biyu ruwan ɗorawa. Ta ce kowane ɗigo inji ne, a wata ƙasa mai sanyi can Turai. Ta nuna mini hoto: farin turke da ya fi kowace hasumiya a Gusau tsawo, da fukafukai uku a kansa kamar fanka. Iska ke juya su, su ba da wutar lantarki. Manhajar da take aiki da ita tana riƙe da tarihin kowane inji, tun daga ranar da aka kafa shi: yaushe aka canza masa mai, wane boris ya taɓa yin zafi, wane fiffike tsawa ta taɓa. In ɗigo ya sauya launi, sai ta buɗe ta karanta abin da ke damunsa. In na gyara ne, ta duba ko akwai kayan a sito, ta zaɓi ranar da aka yi hasashen iska za ta lafa, don ba a hawa sama ana guguwa, sannan ta tura wa makanikan can. Su gyara, su turo hotuna, ita kuma ta rufe aikin.

"Kamar katin marar lafiya ke nan," na ce.

"Kusan haka. Sai dai marasa lafiyana ba su san da ni ba."

"Kin taɓa ganinsu da idonki?"

"A hoto kawai."

Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Fankar ɗakin ta tsaya, kwamfutar ta ci gaba da aiki da batir. Muka dubi juna muka yi dariya.

Aikin ya taɓa jawo mata 'yar matsala a Tsafe. Sun je gaisuwa, gwaggon Kamilu ta tambaye ta sana'arta, ita kuma ba ta yi tunani ba ta ce, "Aikin iska nake yi, Gwaggo." Tsohuwar ta tsuke fuska har suka tafi. Washegari ta aika a kira mata Kamilu, ta ce tana son jin irin matar da ya auro. Sai da ya koma da hotuna a waya ya yi bayani dalla-dalla. Tun daga nan Sadiya ke cewa aikin wutar lantarki take yi.

Wanda ya fi kowa shiga lamarin shi ne Malam Arzika. Yakan shigo Gusau sayen maganin dabbobi, ya biyo ya ga ɗiyarsa. Ba ya shiga ɗakinta. Tabarma ake shimfiɗa masa a gindin mangwaron tsakar gida, ta kawo masa fura, sannan ta kawo kwamfutar. Ran farko ya daɗe yana kallon ɗige-ɗigen.

"To ai kiwo na kike yi," ya ce. "Wanne am mai yawan ciwo cikinsu?"

Ta nuna masa wani inji da akwatin giyarsa ke yawan yin zafi. Daga ranar, in ya zo, bayan ya gaishe ni ya tambayi jikoki, sai ya ce, "Ya mai jiki?" Sadiya ta san wanda yake nufi.

A ƙarshen daminar shekararta ta biyu a aikin ta lura da wani abu. Da safe in ta buɗe rahoton jiya, sai ta tarar wasu injuna sun tsaya tun faɗuwar rana, sun tashi da kansu da asuba. Ba lalacewa suka yi ba. Manhajar ba ta nuna ja ko ruwan ɗorawa ba, abin da ta rubuta kawai shi ne an tsayar da su da gangan. Ta tambayi shugabanta, wani Amos da ke Abuja. Ya ce ta bar su, irin wannan tsayawar ba ta bukatar gyara, kuma shi ma haka ya tarar.

Ba ta iya bari ba. In ta gama aikin ranar, sai ta koma tarihin shekarun baya tana dubawa. Ta gano cewa ba duka ke tsayawa ba, sai waɗanda ke bakin wani daji. Ta gano cewa a wannan lokacin na shekara kaɗai suke yi. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, ranar da iska ke da ƙarfi ba sa tsayawa, sai ranar da take kaɗawa a hankali kuma gari da ɗumi.

Maganar ta zama ta gida. Kamilu ya ce wuta ce ta yi musu yawa, ba su da inda za su zuba ta. Ni na ce ƙila akwai gidaje kusa, mutane suka kai ƙarar cewa ƙugin na hana su barci. Sadiya ta faɗaɗa taswirar, muka duba tare, babu ko bukka a wajen.

Da Malam Arzika ya zo, ta zayyana masa komai. Ya ajiye ludayi.

"Da magariba kinka ce suna tsayawa?"

"E, Baba."

"Su tashi da asuba?"

"E."

Ya yi murmushi. "Waɗanga sun fi wasu mutane kiyaye lokacin salla." Sannan ya ce a nasa ganin hutu ake ba su, don ko jaki ba a yi masa lodi dare da rana. Sadiya ta ce in hutu ne, me ya sa na bakin daji kaɗai? Ya ce shi ma nan ya tsaya.

A cikin masu turo mata hotunan gyara akwai wata injiniya mace, wadda ba su taɓa yin wata magana ba sai ta aiki. Sadiya ta yi ta jinkiri, tana tsoron kada a ce ta shiga abin da ba ruwanta. Daga baya ta rubuta mata gajeren saƙo. Matar ta maido da amsa mai tsawo, har da cewa ta yi shekaru a wurin ba wanda ya taɓa tambayarta.

Jemagu ne. A ƙarshen lokacin zafi na ƙasar, jemagu kan fito daga dajin da yamma suna farautar kwari, su yi ta shawagi kusa da fukafukan, fukafukan su kashe su. Dokar ƙasar ta ce a tsayar da injunan da ke hanyarsu. In iska ta yi ƙarfi jemagu ba sa fitowa, shi ya sa a irin ranakun ake barin injuna su yi ta juyi.

Sadiya ta fito da gudu ba takalmi ta gaya mini, ina tsinke alayyahu. Da yamma ta kira mahaifinta, ta sa wayar a fili muna ji.

"Jemage dai wanga da munka sani?" ya ce.

"Ƙanana ne, Baba, ba irin na mangwaro ba. Kwari suke ci."

"Mutanen na cin su ne?"

"Ba sa ci."

"To mi sunka haɗa da su?"

Ta ce an ce suna rage kwarin da ke ɓata amfanin gona, kuma sun fara ƙarewa.  Sai muka ji ya ce, "Wa ya gane inji ka kashe su? Wani ya zamna yana kallo?"

Wannan ma sai da ta tambayo. Aka ce akwai mutanen da aikinsu ke nan, su zagaya gindin injuna da sassafe tare da karnukan da aka horar, suna neman gawar jemagu a cikin ciyawa. Inna Rabi ta ce mini Malam Arzika ya ba da labarin nan a majalisarsu ta Rawayya, aka yi ta gardama, wasu suka ce ɗiyarsa ta zolaye shi.

Sadiya ta nemi izinin Amos, ta rubuta bayanin a tarihin kowane injin bakin dajin, don wanda zai zo bayanta.

Bayan kaka aka gayyaci Kamilu ɗaurin auren wani abokinsa a Katsina. Sadiya ta taɓa jin cewa akwai injunan iska a kusa da garin, ta ce ƙafarta ƙafarsa. Malam Arzika ya ji, ya ce da shi za a je. Ni ma ban bari an roƙe ni sau biyu ba. Muka jira rana ta ɗaga sosai, kamar yadda kowa ke yi a hanyar yanzu, muka bi ta Tsafe muka miƙa.

Tun daga nesa Kamilu ya nuna mana injunan. Ya faka a gefen hanya, muka taka har kusa da wayar da aka kewaye wurin da ita. Sadiya ta yi gaba ta bar mu. Ta tsaya ta ɗaga kai, hannu ɗaya riƙe da hijabi, ba ta ɗauki ko hoto ba. Na je kusa da ita.

"Ba ki ce komai ba," na ce.

"Sauraro nake, Maman Gloria. Ban san suna da murya ba. A kwamfuta lamba ce kawai."

Wani sauti ne mai zuwa yana komawa, kamar ana kaɗa babban zane a igiya. Malam Arzika ya cire hula don kada ta faɗi, ya bi turken da ido daga ƙasa har sama.

"Sadiya," ya ce, "naki ba hukahukai uku gare su ba?"

"Uku ne."

"Waɗanga biyu."

Ta sake dubawa. Biyu ne kuwa. Ta ce ba ta san dalili ba, kuma na ga abin ya yi mata daɗi. A mota, kafin mu isa wajen ɗaurin auren, har ta tura wa injiniyar tambaya. Amsar da ta zo ita ce, masu fukafukai biyu sun fi sauƙin nauyi, kuma akwai irin da ake iya kwantar da shi ƙasa gaba ɗaya a gyara, ba sai an hau ba. Nata kuwa dole a hau, ta cikin turken, da tsani da igiya a ƙugu.

Da muka dawo ta fara maganar cewa kamfaninsu na tura wasu ma'aikata koyon gyara da hannu, kuma tana son ta nema. Kamilu bai hana ba. Ya dai ce mata ta fara sanin ko kanta na juyawa in ta yi sama, don shi ko kan mota ya hau ɗaure kaya ba ya son duban ƙasa.

A gidanmu akwai tankin ruwa a kan dogon ƙarfe, da tsani a jikinsa. Ran Asabar da hantsi ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta ɗaure hijabinta a ƙugu, ta ce in tsaya mata a ƙasa. Kamilu ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa ta riƙe da kyau. Ta hau a hankali, ta tsaya sau ɗaya a tsakiya ta huta, sannan ta ƙarasa ta zauna a gefen tankin.

"Ya kan?" na tambaye ta.

"Lafiya lau," ta ce. "Ina hango har bayan gari. Maman Gloria, akwai iska a wajenku?"

Na dubi ganyen mangwaro, ko motsi ba ya yi. Na ce babu.

"A nan akwai," in ji ta. Ta miƙa hannu ɗaya tana juya tafinsa, tana neman ta inda take fitowa. Kamilu ya ce ta sauko haka nan, shayi na hucewa. Ta ce ya ba ta minti kaɗan.