Darbejiya Biyu a Ƙofar Gidanmu

Shekarun baya, lokacin ina gyaran waya a kasuwar Batsari, na ɗauki kaina wayayyen gidanmu. Ni ke cire wa mutane lambar sirrin da suka manta, don haka a ganina ba abin da ya gagare ni a intanet. Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Ruma, kusa da daji, kuma a shekarar nan 'yan bindiga sun shiga ƙauyukan da ke kewaye da mu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke raina kullum shi ne yadda zan tsare gidan nan.

Wani abokina mai sayar da caja ya ba ni labarin wata kasuwar ɓoye a intanet, wai har bindiga ana samu a kawo maka. Ya ce ainihin adireshinta yakan rufe, shi ya sa suke da wasu adireshin da ake kira madubi, kowanne ya kai ka wuri ɗaya. Ya turo mini ɗaya da ya samo a wani zauren WhatsApp. Haruffa ne da lambobi a cakuɗe, ba wanda zai iya bambance na gaskiya da na jabu. Na tambaye shi ko ya tabbata.

Ya ce, "Haba malam, madubi ne hwa. Abin da ke can shi ke nan."

Shafin ya buɗe tsaf, da hotuna da komai. Na zaɓi bindiga ɗaya. Suka nemi inda za a kai kaya da lambar wani na kusa. Gidajenmu ba su da lamba, sai na yi kwatance yadda muke yi wa baƙo: bayan masallacin Juma'a, koren ƙyaure, darbejiya biyu a ƙofar gida. Na sa cikakken sunana da lambar mahaifina. Na manta shaf cewa tun shekara guda kafin nan aka sare ɗaya darbejiyar, don a idona har lokacin biyu ne. Na tura kafin alƙalami na zauna jira. Ba abin da ya zo.

Ranar wata Juma'a ina gida, bayan an sauko masallaci, wayar mahaifina ta yi ƙara. Ya miƙo mini in buɗe masa murya don ba ya ji sosai. Wani mutum ya kira cikakken sunana, ya ce sun san gidanmu, ko a biya kuɗin zaman lafiya ko su zo. Sannan ya karanto kwatancen: bayan masallaci, koren ƙyaure, darbejiya biyu.

Nan take na gane. Maganata ce yake karantawa, har da kuskurena. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidanmu ba zai ce biyu ba. Madubin na 'yan damfara ne, kuma mai kiran bai san hanyar Ruma ba.

Mahaifina ya daɗe yana kallon kututturen da ke ƙofar gida. Ya ce, "Ka ji mi ya ce? Biyu. Ke nan tun ba a sare ta ba suke kallonmu."

Na ce, "Baba, wataƙila 'yan damfara ne kawai."

Ya ce, "Ɗan damfara ya san itacen ƙofar gidana? Wa ya hwaɗa mishi?"

A nan ya kamata in ce ni ne. Kalma biyu kacal. Amma sai in faɗa wa dattijon da bai taɓa riƙe abin da ya wuce lauje ba cewa ɗansa ya je sayen bindiga a ɓoye, kuma da lambarsa. Kunya da tsoro suka ɗaure mini baki. Na ce a raina gobe zan faɗa, idan hankalinsa ya kwanta.

Goben ba ta zo ba. Mahaifina ya ce wanda ya biya sau ɗaya ya zama saniyar tatsa, don haka tashi za mu yi. Kwana biyu tsakani muka loda kaya a akori-kura, gero yana tsaye a gona saura kwanaki a yanka. Mahaifiyata ta yi ta kuka a hanya. Muka sauka Safana, a soron gidan wani ƙanenta. Maƙwabtanmu suka zauna, suka yi girbinsu. Bayan 'yan makonni zauren WhatsApp ɗin nan ya cika da ƙorafi, duk wanda ya bi adireshin an yi masa irin wannan kira. Abokina ya zo ba ni haƙuri, ban ma iya yi masa faɗa ba.

Mahaifina bai saba zama babu noma ba. Ya yini a kan tabarma yana kallon babura suna wucewa, yana ramewa. Sau uku ina zama kusa da shi da niyyar faɗa, sai in ƙare da tambayarsa ya jiki. Damina ta biyu ba ta same shi ba.

Har yau abin yana ci mini rai. Ba damfarar ce ta fi damuna ba, shirun da na yi ne. Idan yanzu wani ya kawo mini waya ya ce an turo masa adireshi, nakan ce ya duba wa ya turo, kuma kada ya rubuta wa shafin da bai sani ba hanyar gidansu. Wasu suna ganin tsoro ya yi mini yawa. Mahaifiyata kuwa har gobe tana ba baƙi labarin yadda Allah ya kuɓutar da mu, ni kuma in sunkuyar da kai in ce haka ne.

Bara na je ƙauyen duba gidan. Katanga ta zube ta gefe ɗaya, ƙyauren ya yi tsatsa. Kututturen nan ya yi toho, har ya fi ni tsawo. Yanzu darbejiya biyu ne a ƙofar gidan, daidai yadda na rubuta, sai dai ba kowa a ciki.