Haƙori Uku

Shekara talatin da biyu Baba Kunne ya yi a garejin wani kamfanin motocin haya kafin ya ajiye aiki. Laƙabin ya samo shi ne daga yadda yake gane ciwon mota: ya tsaya gefe, hannu a baya, ya ce a tayar, kafin direba ya gama bayani ya riga ya faɗi abin da ya lalace. Da ya dawo gida zama ya gagare shi. Ya rataye sufanunsa a bango kusa da famfo, maƙwabta suka riƙa turo masa motocinsu tsakar gida. Abin da bai gaya wa kowa ba, har matarsa, shi ne tun bara wani hazo ya sauka a idonsa na dama, na hagun ma ya fara bin sahu.

Wata Laraba da rana mijin Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ya shigo da motarsa a duba. Washegari zai kwashi Auta da 'ya'yansu mata biyu zuwa garin da aka mayar da shi aiki, tafiyar yini guda. Baba ya cire murfin gaban injin, ya bi taimin bel, robar nan mai haƙora da ke daidaita juyin injin, da yatsa, ya ji shi duk tsaga kamar kaushin diddige. Ya ce wannan ba zai kai su ba. Surukin ya fita ya sayo sabo, ya dawo yana ta kallon sama, don hadari ya fara haɗuwa, kajin gidan ma sun shige ƙarƙashin rumfa tun lokacinsu bai yi ba.

Ɗora wannan bel aikin ido ne. Fuli biyu ne, wato faya-fayan ƙarfen da bel ɗin ke zagayewa, na sama da na ƙasa, kowanne da 'yar alama siririya wadda dole ta tsaya daidai da 'yar'uwarta a jikin injin. In suka saɓa aka murza makulli, fistan ya daki bawul, injin ya tashi daga aiki. Baba ya sunkuya. Alamar ta rabu biyu a idonsa, ta haɗe, ta sake rabuwa. Ya goge fuska da gefen riga, ya lalubi wurin da farce, ya zaɓi wadda zuciyarsa ta fi kwanciya da ita. Ya zura bel ɗin haƙori bayan haƙori, ya ɗaure noti.

Matarsa ta leƙo daga kicin tana tsokanarsa, wai yau sai shinshina injin yake kamar mai zaɓen turare. Bai yi dariya ba.

Ya sa babban sufana ya fara juya injin da hannu, a hankali. Bai kai zagaye guda ba sufanan ya cije. Ya ɗan ƙara ƙarfi, ya ji ƙarfe ya tokari ƙarfe can ciki. A daidai lokacin ya ji an rufe ƙofar mota; surukin ya shiga mazaunin direba, makulli na kaɗawa a hannunsa, yana cewa bari a gwada kafin ruwa ya sauko.

"Cire hannunka daga makullin nan," in ji Baba, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Fito. Kira mini Auta."

Ta zo da kumfar wanki a hannu. Ya miƙa mata tocila, ya nuna mata fulin sama, ya ce ta faɗa masa inda alamar take. Ta duba, ta ƙirga da yatsa.

"Baba, ta wuce da haƙori uku."

Ta ɗago ta kalle shi. Alamar a fili take, ko daga tsaye ana ganinta. Ta haska fuskarsa kamar bisa kuskure, ta ga farin da ya kwanta a ƙwayar idon. Ta durƙusa kusa da shi, yana kwancewa tana faɗa masa dama ko hagu, har alamomin suka zauna. Ya juya injin da sufana sau biyu lafiya lau. Aka tayar, injin ya kama sumul, ruwa ya fara ɗiga a kan kwano.

Ƙarar nan mai kyau ce ta tuna masa da wata. Ranar Litinin ya ɗora irin wannan bel a motar malamin makarantar da ke bayan gidansu, shi kaɗai, ba mai duba masa. Da aka tayar ya ji 'yar rawa a muryar injin, ya ce wa kansa sabon bel ne. Kuma da safen nan malamin ya ɗauki iyalinsa sun kama hanya.

Ya ce Auta ta kira masa shi. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka. Ta sake, ta sake. Baba ya zauna a kan bokiti a bakin rumfa, ruwa na fallatsa masa a ƙafa, ya ƙi shiga ɗaki, ya ƙi abinci.

Sai dab da faɗuwar rana malamin ya kira. Ya ce yana tsakiyar wuce wata babbar mota a kan hawa, tasa ta saki ƙarfi, ga wata na tahowa gaba da gaba. Da ƙyar ya jefa ta gefen titi. Kowa lafiya, sai ƙaramar 'yarsa da ta fasa leɓe. Ya ƙara da cewa halin tsohuwar mota ke nan.

"Ba laifin motar ba ne, malam," in ji Baba. "Idan ka dawo ka shigo, akwai maganar da zan faɗa maka."

Auta ta ɗaga tafiyarsu da kwana biyu, ta kai shi asibitin ido. Likitar ta rufe masa na hagu, ta ja baya taku uku, ta ɗaga hannu ta tambaye shi yatsu nawa yake gani. Ya daɗe yana kallon wajen da muryarta take fitowa.