Kwantenar Injiniya a Shagon Nura

Aikin nan wahala ce tsagwaronta, kuma gadon bayana ne ya sha ta. Ku da kuka zo cibiyar koyon kwamfutar nan ta Gumel daga baya kuna ganin ɗalibai suna karatu daga gida, kun ɗauka haka abin ya faɗo daga sama. To ni masinja ne, karatuna bai wuce firamare ba, amma ni na yi yawo da shi gari-gari a kan babur. Ranar Gagarawa Tasha kuwa har yau tana raina.

Daminar bara aka kawo mana wani injiniya daga Kano. Shi ya haɗa abin da suke kira kwantena. Yadda ya yi mini bayani, ƙunshi ɗaya ne da aka zuba duk kayan aikin rubuta manhaja a ciki, don kwamfutar kowane ɗalibi ta yi aiki daidai da ta malami. Ya tsaya gaban allo yana cewa, "Ko'ina aka kai ta za ta tashi." Mutumin da ko Ɗanzomo da ke nan kusa bai taɓa takawa ba.

Ɗalibai suka gwada saukewa, sabis ya ƙi. Na Maigatari ma ana tsaka da abu sai wayarsu ta koma layin Nijar. Sai aka zuba ta a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta, aka ba ni. Aka nuna mini inda zan soka, in buɗe baƙin allo, in kwafi layi ɗaya, in jira koren rubutu. Aka kuma kafa doka: duk wanda tasa ba ta tashi ba kafin jarrabawa, an sallame shi.

A Gagarawa Tasha ɗalibarmu Rukayya ce. Kwamfutar da take karatu da ita ta yayanta Nura ce, mai shagon turi, inda ake tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a waya. Na soka filas, sai ga jan rubutu. Rukayya ta leƙa ta ce, "Baba, cewa ta yi babu wuri."

Na kira Injiniya, na buɗe murya kowa ya ji. Ya ce, "Ai da sauƙi, Malam Sale. Su goge tarkacen da ke ciki."

Nura ya miƙe. "Tarkace? Baba, tambaye shi da me yake zaton ake ɗora tukunya a gidanmu."

Na ce, "Yallaɓai, tarkacen nan shi ne sana'ar gidan."

"To ta nemi tata mana. Ni dai kwantenata lafiyarta ƙalau, matsalar daga wurinsu take." Ya kashe.

Rukayya ta ce a hankali, "Yaya, ko a goge tsofaffin fina-finan Indiyan nan?"

"Su aka fi nema, ke ma kin sani."

Rukayya ta juya wajen kwamfutar. Ta zare filas ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce in gaida malamai. Nura ya biyo ni har bakin babur yana cewa, "Wallahi Baba, wuta da kujera da inuwa duk zan ba ta, ina da sola. Fim dai ba zan goge ba."

Abin da na gane game da masu wannan sana'a ke nan. In abu ya tashi a teburinsu, to a wurinsu ya tashi a duniya, wanda kuma ya ƙi tashi a hannunsa shi ne mai laifi. Ina dawowa Gumel na tarar Injiniya har ya ba da umarnin a sallami Rukayya, yana shan lemo.

A ofishin baƙi akwai wata kwamfutar tebur da aka lulluɓe da ƙyalle. Ba a buɗe ta sai manya sun zo ɗaukar hoto, ni kaɗai nake share mata ƙura. Washegari da safe na kunna ta, na soka filas, koren rubutu ya fito. Na naɗe ta da allonta a bargo, na rufa leda saboda hadari ya haɗo, na ɗaure da roba a bayan babur. Na jera kwalayen taliya a gurbinta, na mayar da ƙyallen yadda yake, na kama hanyar Gagarawa.