Jan Kifi a Gidan Mahauta

Ni ruwa mafi yawa da na taɓa gani da idona shi ne tabkin bayan garinmu na Dogo, in damina ta yi kyau. Ko shi ɗin ban taɓa yarda ya wuce mini idon sawu ba. Da aka kawo ni Zinder gidan miji sai na tarar da garin da ake sayen ruwa a bido, wato jarka, kuma hakan bai dame ni ba, don ruwan cikin bido ba ya cin ɗan kowa. Ɗiyata na fara rarrafe na bi bokitan gidan duka na kife, randa ma na ɗora wa murfinta dutse. Inna, uwar mijina, ta ce wata rana hawayen yarinyar ma da gudu zan riƙa sharewa, kada ta nutse ciki.

To mace irin wannan ce Allah ya haɗa da namijin da ke aiki bisa teku.

Gidansu gidan mahauta ne tun kaka da kakanni, kilishi suke yi. Baba, surukina, in ya zauna da tsokar bijimi, yakan buɗe ta da wuƙa a hankali kamar mai warware rawani, har ta zama shimfiɗa guda wadda in ka ɗaga kana ganin hasken rana ta cikinta. A gindinsa maigidana ya koya. Shekarar da kasuwa ta yi sanyi ya tafi ci-rani can bakin teku, ya kafa tukubar tsire kusa da inda jiragen ruwa ke tsayawa. Wani mai jirgi da ke sayen nama wurinsa ya riƙa tsayawa yana kallon hannunsa, ran nan ya tambaye shi ko zai iya yanka kifi haka. Ya ce in dai nama ne a kawo. Tun daga ranar ya bar tukuba.

Aikin, yadda ya riƙa gaya mini a telefon, ba irin na masunta ba ne masu jefa taru don su ci. Masu hali ne, baƙi da ƴan ƙasar, suke hayar jirgin na yini guda a fita da su don jin daɗinsu. Ana tafiya har ƙasa ta ɓace, ba itace, ba dutse. Na tambaye shi ta yaya suke gane inda kifin yake, tunda ruwa ba shi da turba. Ya ce in tuna yadda angulu ke nuna inda aka yi yanka. Haka mai jirgin ke sa ido ga tsuntsaye, inda suka taru suna faɗawa ruwa, nan manyan suke ƙasa suna korar ƙanana. Sai a saki igiyoyi a bayan jirgi. In kifi ya kama, ana zaunar da baƙo bisa wata kujera da aka ɗaure a jirgin, a sa masa ɗamara, shi ya ja, kifi ya ja, wani lokaci tun hantsi har azahar. Wani baƙon har kuka yake yi don gajiya, amma ba ya yarda a karɓa masa.

Aikin maigidana na ƙarshe ne. In kifin ya iso gefen jirgi shi ke sunkuyawa da doguwar ƙugiya ya ɗago shi. Wanda suka fi nema suna ce masa ton. Ya ce wani ya kai ɗan maraƙi, namansa ja ne kamar na sa, jikinsa ma da ɗumi yake fitowa saboda kokawar da ya sha. In ba a zubar masa da jini nan take aka binne shi cikin ƙanƙara ba, kafin a dawo gaɓa ya lalace. Yana ba ni labarin muryarsa na rawa don daɗi, ni kuwa abin da kawai na riƙe shi ne kalmar sunkuyawa. Sunkuyawa bisa ruwan da ba a san ƙarshensa ba.

Baba tun farko bai so abin ba. Cewa yake ɗan mahauci da kifi, sai ka ce an aiki maƙeri saƙa. Don ya faranta masa, sai maigidana ya samu yankin ton, ya yi kilishinsa can, ya shanya bisa rufin ɗakinsu kamar yadda ake yi a gida, ya naɗe a takarda ya ba da saƙo a mota. Baba da ya ji saƙo na tafe, sai ya aika aka kira abokansa mahauta uku su zo su ɗanɗana. A zaure aka buɗe. Ni ina cikin gida warin ya same ni. Fumfuna ta rufe shi fari da kore, kyanwar gidan ma ta shinshina ta juya. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce ai sai a yi wa yaro godiya, ya aiko da takin gona tun damina ba ta zo ba. Aka yi dariya, Baba ma ya taya su, amma na ga yadda ya naɗe takardar.

Da suka watse ya sa aka kira masa ɗansa a telefon. Bai ɗaga murya ba.

"Ka zo gida," ya ce. "Wanda wuƙa ta manta hannunsa ba shi da abin yi a ƙasar mutane."

Maigidana bai taɓa tsallake maganar ubansa ba, kowa ya sani. In Baba ya ce zauna, ya zauna ke nan, teku kuma sai a labari. Ni na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har nafila na yi. Da muka yi magana daga baya maigidana ya ce mini rana a garin can ba ta da haƙora, iskar kuma jiƙe take kamar zanen da aka fito da shi daga wanki. Naman ya bushe a sama, ciki da sauransa, shi kuwa ya auna da idon Damagaram. Na ba shi haƙuri da bakina.

Da bazara ya iso, lokacin da duwatsun unguwar Birni ke ƙona tafin ƙafa tun da safe. Daga tasha ɗan kabu-kabu ya sauke shi, ba jaka sai ƴar leda ta tufafi, da wani shuɗin akwatin roba mai riƙe sanyi da ya rungume kamar jariri. Inna ta dube shi ta dubi akwatin ta tambaya ko tsarabar ke nan, ko kuwa amarya ya ɓoye ciki. Wani ɗan unguwarmu da suka shigo mota ɗaya ya gaya mana daga baya cewa duk inda aka tsaya, mutane na gudu neman abinci, shi yana gudu neman ƙanƙara.

Ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi, ya ce ya zo kamar yadda aka ce, kuma in an ce ya zauna ya zauna.

"Abu ɗaya nake roƙo, Baba. Ka ara mini gadon shanya, da ranar gidan nan."

Da haɓa Baba ya nuna masa inda gadajen kara suke jingine.

Ni ina bakin madafa, inda nake ganin komai ba a ganina sosai. Maigidana ya buɗe akwatin, ya share gishiri da guntun ƙanƙara, ya fito da tsoka doguwa kamar damtsen ƙato, ja har tana yin baƙi-baƙi. Baba da ya yi niyyar kau da kai, sai ga shi ya matso. Ya danna da yatsa, ya shinshina. Can ya jawo wuƙarsa ya fara buɗewa yadda ya saba. Naman ya tsinke a hannunsa. Ya sake, ya sake tsinkewa, fala-fala. Inna ma ta daina tankaɗe.

Maigidana bai miƙa hannu ya karɓa ba, kuma wannan na daɗe ina tunawa. Kansa a ƙasa ya ce wannan naman ba shi da jijiyar da za ta riƙe shi, ba ya warwaruwa, sai dai a gicciye, kuma tun yana da sanyi. Sai Baba ya tura masa katakon yanka.

Ban taɓa tsayawa na kalli hannunsa yana aiki ba sai ranar. Duk bayan yatsunsa zane ne fari-fari inda igiya ta ci. Wuƙar ba ta komawa baya, ja ɗaya yake yi, yanki ya kwanta bisa ɗan'uwansa, kowanne kaurinsa ɗaya kamar an gwada. Bai yi gaggawa ba, amma kafin sanyin ya bar naman ya gama. Ban san lokacin da Baba ya tashi ya fara jera su bisa kara da kansa ba. Daga nan kuma girki ya koma hannun Baba. Shi ya san kusurwar da rana ke fara duka, shi ya sa aka ja gadon nan, aka ɗaga wancan bisa bulo. Ya leƙo madafa ya ce mini, "Ɗiyata, labun nan kada ki cika masa tunkuza. Ki ƙara citta da kanumfari, su ke kashe ƙarni." Labu shi ne kwaɓin da ake tsoma kilishi ciki, kuma tun da na zo gidan bai taɓa barin wani ya haɗa shi ba.

Suna zaune a inuwa suna gadin shanya, ɗiyata na korar ƙuda da mafici, hira ta ɓalle. Baba ya tambaya ko ana bisimilla in za a zubar da jinin. Maigidana ya ce kifi ba ya bukatar yanka, amma baki ya riga ya saba, mai jirgin ma yanzu in an ɗago sai ya jira ya ji ta. Ya ba da labarin wani kifi mai dogon baki kamar mashi, wanda in an kama sai a ɗauki hoto a cire masa ƙugiya a sake shi. Baba ya sa aka maimaita masa. Su yi haya, su sha rana, su kama, su saki? Inna daga ɗaki ta ce irin waɗannan ko rago suka saya ranar layya, hoto za su yi da shi su ba shi kuɗin mota. Sai Baba ya yi tambayar da ni na kasa yi, ya ce in hadari ya taso fa? Maigidana ya ce mai jirgin da ya ga sama ta canja yake juyawa, ko kifi na bisa igiya yanke ta yake yi, baƙo ya yi ta faɗa har gaɓa. Na ajiye taɓarya don in ji da kyau.

Kafin rana ta faɗi naman ya bushe ƙayau. Washegari aka tsoma a labu, aka sake shanyawa, da la'asar Baba ya gasa bisa garwashi kaɗan. Wannan karon bai kira kowa ba. Ya ɗauki guda ya ɗaga wa rana, ya karya kusa da kunnensa, ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa. Ya gutsura wa jikarsa, ta cinye ta sake miƙo hannu. Maigidana na tsugune yana kallon ƙasa. Ni na kawo ruwa a kwano na rasa inda zan ajiye, don a lokacin ban san me nake roƙon Allah ba. Ina so ya zauna, kuma ba na so a ce hannun nan da na gani jiya bai iya ba.

"Gishiri ya yi yawa," in ji Baba. "In ka koma, ka rage wanda kake zubawa a hanya."

Ya share yatsunsa, ya ce a je a kira masa mutanen nan uku, musamman mai maganar taki.

Ruwan ya zube mini a ƙafa. Inna ta karɓi kwanon ta ce in shiga ciki, kada in nutse.

Ranar da maigidana zai koma ban roƙe shi ya fasa ba. Na ce akwai wata riga mai launin lemo da nake gani cikin hotunan da yake turowa, kullum tana rataye a bayansa, ba a jikinsa ba. Na san ta hana nutsewa ce, na tambayi malamin lakwal, wato makarantar boko, na maƙwabta. Ya yi dariya ya ce duk girman kifin da ke cikin hoton, rigar na gani? Na ce ita na gani. Ya ce tana da zafi, tana hana sunkuyawa. Sai na ɗora masa yarinyar bisa cinya. Ya ce to.

Yanzu duk bazara da shuɗin akwatin yake zuwa, Baba kuma tun kafin ya iso yake ware gadaje biyu da ba a shanya naman sa a kansu. Ɗiyata na gaya wa yaran unguwa ubanta bijiman ruwa yake yankawa. Bokitai na nan a kife yadda suke. In la'asar ta yi telefon na kusa da ni har sai saƙo ya shigo cewa sun dawo gaɓa. In da hoto, nakan ja shi da yatsu biyu in duba igiyar rigar ko a ɗaure take, sannan in kai wa Baba ya ga kifin.