Mutumin da Ke Tsame Ganye Kafin Mu Sha

Kullum da safe, kafin ma'aikatan gidan ruwa su gama gaisawa, shi ya riga ya zura takalman roba ya gangara tafkin da ruwan kogi ke fara shigowa. Da doguwar gora mai raga a baki yake kwashe ruɓaɓɓen ganye da gansakuka da duk tarkacen da kogi ya kwaso. Abokan aiki suka laƙaba masa Mai Ganye, suna tsokanarsa, "Baba, yau miyar me za a yi mana?" Murmushi kawai yake yi.

Ni a zatona shara ce kawai. Sai ranar da aka yi masa taron sallama na barin aiki, ma'aikaciyar ɗakin gwajin ruwa ta yi min bayani. Ashe maganin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, in ya tarar da ruɓaɓɓen ganye, haɗuwa suke yi su haifar da wasu sinadarai. Ba sa sa gudawa balle a farga. Shekara da shekaru ake sha, kuma likitoci na zargin suna da hannu a ciwon dajin mafitsara.

Na ce, "To a daina zuba maganin mana!"

Ta ce, "Haba Malam, ai sai kwalara ta gama da mu. Maganin dole ne. Dattin ne bai kamata ya tarar ba."

Innalillahi! Ruwan da ake haɗa wa jikata madara da shi ke nan!

Direban tankar ruwa ya ba ni labarin wata damina da kogi ya zo jawur, cike da ganye. Abokin aikin Baba ya ce a ninka magani a huta. Baba ya ƙi. Ya shiga ruwa har ƙirji, ya wuni yana tsamewa. Matarsa ta ce min tafin hannunsa bai taɓa rabuwa da tsagewa ba, kuma bai taɓa gaya mata dalili ba.

Baba, kai ne katangar da ba mu san da ita ba. Kai ka sha wari da sanyi da dariyar mutane, mu muka sha ruwa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Da aka ba shi dama ya yi jawabi, bai yi doguwar magana ba. Ya dubi matasan ma'aikata ya ce, "'Ya'yana, gobe wa zai shiga tafki?"

Wallahi kowa ya sunkuyar da kai.

Ku matasan gidan ruwa, don Allah wani ya amsa masa. Har na baro wajen babu wanda ya ɗaga hannu, ga shi hadari ya fara haɗuwa, kuma gobe da safe dukkanmu za mu buɗe famfo.